Libarbar Kaboyi: Rami Shida, Harsashi Biyar

Jama'a, tambayar da kuka fi turowa kan bidiyon nan da ke yawo ita ce: mutumin ya ɗauko libarba mai cin harsashi shida, ya zuba biyar ya rufe. Rowa ce ko bai iya ƙirga ba? Duk ba ko ɗaya. Mutumin ya san abin da yake yi.

Ga irin bindigar nan a kan tebur. Kwafin bindigar kamfanin Colt ce ta 1873, wadda sojojin Amurka suka ɗauka a wannan shekarar, wadda kuma kuka saba gani a ƙugun kaboyi a fim. Wannan dai a Italiya aka ƙera ta, a yankin Brescia, inda kamfanoni irin su Uberti da Pietta suka daɗe suna wannan sana'a. Kuɗinta bai kai rabin na sabuwar Colt ba. Nauyi wajen kilo ɗaya, mariƙin katako, kuma tana zama a tafin hannu daram. Saitinta kuwa ɗan tsagi ne kawai a sama, mai raunin ido sai ya yi haƙuri. A ganina, a wannan farashi, ba a cuci mai saye ba.

Kafin wani ya tambaye ni inda ake sayarwa a Kano: wannan filin harbi a Amurka yake. A dokar makamai ta Nijeriya ta 1959, libarba tana cikin haramtattun bindigogi.

To ku kalli yatsana. Babu harsashi a ciki, na duba. Na ja kunama. Shiru. Irin wannan ba ta tashi sai ka ɗana ta da babban yatsa, wato ka ja gudumar nan baya, kuma haka za ka yi kafin kowane harbi.

Ku saurara. Ƙas, ƙas, ƙas, ƙas. Na biyun shi ne rabin ɗani, a nan gangar da ke da ramukan harsashi take sakewa tana juyawa, ka buɗe 'yar ƙofar nan ta dama ka zuba harsashi. Na huɗun, ta shirya tashi.

Yanzu mu rage gudun hoton, don nan ne gizo ke saƙar. Kun ga ɗan tsinin ƙarfen nan a fuskar guduma? Shi ke dukan gindin harsashi. Idan ka cika ramuka shida ka sauke guduma, tsinin yana zaune ne a kan harsashi mai rai, babu komai a tsakaninsu. Ba sai an taɓa kunama ba. Bindigar ta faɗo, guduma ta bugi ƙasa, shi ke nan ta tashi.

Wani zai ce ai akwai ƙas na farko, wanda ke ɗan ɗaga guduma. Akwai. Amma ku dubi ƙanƙantar tsagin da ke riƙe da ita. Bugu mai ƙarfi yana iya karya shi. Wyatt Earp ma, ɗan sandan nan na Amurka da ya yi suna, a 1876 a garin Wichita libarbarsa ta suɓuce daga kube yana zaune, ta tashi, harsashin ya huda masa kwat. Da ƙyar ya sha.

Shi ya sa ake barin rami ɗaya. Ku bi hannuna: sa ɗaya, tsallake ɗaya, sa huɗu. Rufe ƙofa. Ja guduma har ƙarshe, bakin bindiga yana kallon inda babu kowa, sannan ka sauke ta a hankali. Ku leƙa ta gefe. Ramin da babu komai ne a ƙarƙashin tsinin.

A 1973 kamfanin Ruger ya saka wani ɗan ƙarfe tsakanin guduma da tsini, wanda ba ya hawa sai an ja kunama, don haka irin nasu na zamani ana cika su shida. Wasu kwafin Italiya ma suna da dabara makamanciyar wannan, wasu babu, kuma daga nesa duk kamarsu ɗaya. Sai an ja guduma an duba, an kuma karanta takardar da ta zo cikin kwalin.

Fitar da kwanso kuwa, ga shi kuna gani: rabin ɗani, buɗe ƙofa, tura sandar nan ta ƙarƙashin bututu, ɗaya bayan ɗaya. A fim ne kawai kaboyi ke harbi ashirin bai tsaya ya yi wannan aikin ba.