Kiɗan Hawus: Yadda Shikago Ta Ƙera Shi

Jama'a, barkanmu da warhaka. Abin da nake so ku fara riƙewa game da kiɗan hawus shi ne, don masu rawa da mai juya musu faifai aka ƙera shi. Wanda ya gane haka, sauran bayanin ba zai ba shi wuya ba.

A 1977 aka buɗe gidan rawa na Warehouse a birnin Shikago na Amurka, aka ɗauko Frankie Knuckles daga New York ya riƙa juya faifai. Yawancin masu zuwa baƙar fata ne, kuma ba kowane gidan rawa ke maraba da su ba. Ana cikin haka kasuwar disko ta faɗi, har a ranar 12 ga Yuli 1979 aka tara faifan disko a filin wasa na Comiskey Park aka tarwatsa su da nakiya. Sababbin faifai suka yi ƙaranci. Sai aka koma yanka zaren tef da reza, a liƙa, a tsawaita wurin da ya fi tayar da masu rawa, daga baya a ɗora na'urar ganga a ƙarƙashi. A 1984 Jesse Saunders ya fitar da faifan da ake yawan cewa shi ne na farko a kiɗan hawus.

To, ga yadda ake ɗaura bugun. Na'urar ganga ta Roland TR-909 tana da madanni 16 a jere, zagaye ɗaya ke nan. Babbar ganga tana kan 1, 5, 9 da 13. Tafi yana kan 5 da 13. Farantin ƙarfe mai cewa "tsss" yana kan 3, 7, 11 da 15, wato tsakanin bugun ganga, kuma shi ne ke ɗaga ƙafar mai rawa. Gudun kuwa bugu 120 zuwa 130 ne a minti.

Inda masu koyo ke yawan ɓata aiki shi ne wajen amon bas. Ganga da bas duka masu kauri ne. In suka faɗo tare, sai lasifika ta yi ta gurnani, bugun ya dusashe. Maganinsa, a jera bas a tsakanin bugun ganga, ko a saita shi ya riƙa lafawa duk sa'ad da ganga ta buga.

Za ku kuma lura waƙar kan fara da ganga zalla, zagaye 16 ko 32. Da gangan ne, fili ne aka bar wa mai juya faifai ya shigo da sabuwar waƙa kan tsohuwa. In gudunsu ya saɓa ko da kaɗan, za a ji kamar dawakai biyu na sukuwa kowa da takunsa. Sai ya daidaita su ta abin kunne, ya rufe bas ɗin mai shigowa har sai ya kashe na mai fita.

A Janairun 1987 faifan hawus na Steve Hurley ya hau matsayi na ɗaya a jerin faifan da aka fi saya a Ingila. A Afirka ta Kudu kuwa aka sassauta gudun, aka samu kwaito a shekarun 1990, daga baya amapiano, mai tafiya wajen bugu 110 zuwa 115, wadda yanzu ta cika waƙoƙin mawaƙan Legas.