Sharhi: Ƙwayoyin da Ke Cin Baƙin Mai

Jama'a masu sauraro, duk wanda ya ratsa garejin kanikawa a Sabon Gari ko Tudun Wada ya san ƙasar nan da baƙin mai ya dafe, ta yi ƙirin kamar kwalta, ko ciyawa ba ta tsira. Abin da masu bincike suka tabbatar shi ne maganinta yana cikinta. Akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, irin su Pseudomonas da Bacillus, waɗanda man fetur abinci ne a wurinsu. Su ci, su mayar da shi ruwa da iska. Abin da ke hana su aiki yunwar taki ce, da ƙishirwa, da rashin numfashi.

Ga yadda ake yi. A kankare ƙasar, a baza ta kan leda mai kauri don kada man ya tsiyaya zuwa rijiyoyi, kaurinta kada ya wuce santimita 30. A zuba kashin kaji kamar kashi ɗaya cikin goma, a haɗa da ɓuntun shinkafa don ta saki jiki. Ma'aunin masana na abincin ƙwayoyin shi ne kabon (wanda ke cikin man) kashi 100, naitirojin 10 da fosforas 1 (waɗanda taki ke bayarwa). Sai ruwa: ka damƙi ƙasar ta dunƙule a hannunka ba tare da ta ɗiga ba, to ya yi. A riƙa juya ta da fartanya duk mako.

A nan ake yin ɓarna. Da hunturu, iskar Zariya kan busar da shimfiɗar cikin 'yan kwanaki, ƙwayoyin su yi barci, mai aiki ya ce dabara ta ƙi. Da damina kuwa, ruwan Agusta ya kwanta ya toshe iska; da ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, alamar ke nan. Wani kuma ya zabga takin yuriya don gaggawa, ya ƙone ƙwayoyin. In man ya haura kashi biyar cikin ɗari na nauyin ƙasar, su ma guba ya zame musu, sai an sirka da ƙasa mai kyau. Aikin watanni ne, wani sa'in fiye da shekara. Ƙasar Ogoni ma, ta yankin Neja Delta da malalar mai ta gurɓata, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 cewa ya yi gyaranta na iya cin shekara 25 zuwa 30.

Amma fa ƙwaya ba ta cin ƙarfe. Dalma, wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ba ta ruɓewa. Can sai da aka kwashe ƙasar aka binne. Baƙin mai kuwa yana ɗauke da burbushin ƙarafan inji. Don haka ko ƙasa ta washe, wake ya tsira a kanta, kada a yi saurin shuka alayyafo ko latas. A ɗebi samfuri daga wurare daban-daban na filin, sama da ƙasa, a kai ɗakin gwaji, ga Jami'ar Ahmadu Bello nan Samaru, a auna ragowar mai da dalma tukuna.