Rigar sulken da zafi ke cinyewa

Bashir: Tun makon jiya ake turo mana saƙo kan kwangilar kayan tsaro a Amurka, wai dama ce, ka yi rajista ka fara cin dala. Malam, ka ce sai an ji labarin wata rigar sulke tukuna.

Malam Sani: Ai dole, Bashir. Zylon sunan zaren. Kamfanin Toyobo na Japan ke yin sa, Second Chance na jihar Michigan kuma ya ɗinka rigunan sulke da shi ya sayar wa 'yan sanda, gwamnatin tarayyar Amurka tana tallafa musu da kusan rabin kuɗin. Riga mara nauyi, kowa na so. Ashe zafi da danshi na cin ƙarfin zaren a hankali, ido ba ya gani. A watan Yunin 2003 aka harbi wani ɗan sanda, Tony Zeppetella, a garin Oceanside na Kalifoniya. Harsashi ya ratsa rigar, ya rasu.

Hadiza: Innalillahi. Yana sanye da ita?

Malam Sani: A jikinsa take, Hadiza. Abin da ya fi ci min rai, gwamnati ta ce tun 2001 Toyobo ya san zaren na lalacewa, aka ci gaba da ciniki.

Hadiza: Zafi da gumi fa. To a ce a Sakkwato ne, watan Afrilu.

Bashir: Sakkwato ai zafi ne busasshe, Anti. Danshi sai Legas.

Hadiza: Gumin mutum ba danshi ba ne? Ka taɓa tsayuwa a bakin titi da azahar?

Bashir: Ni silifa na taɓa bari a mota, na dawo ya kanannaɗe kamar kilishi.

Hadiza: Kilishi ma ya fi shi laushi!

Malam Sani: Ku bari in ƙarasa mana. Kamfanin Second Chance ya janye wasu rigunan a 2003, ya durƙushe a 2004, sai a 2005 hukumar Amurka mai tantance rigunan sulke ta soke amincewa da Zylon. Wanda ya tona asirin daga ciki shugaban sashen bincikensu ne, Aaron Westrick. Dokar Amurka ta ba ma'aikaci damar kai ƙara a madadin gwamnati, a ba shi kaso, shi ma haka ya yi. A 2018 Toyobo ya biya dala miliyan 66, ba tare da ya amsa laifi ba. Shekara 15 bayan mutuwar bawan Allahn nan! Duk mai hangen kwangilar nan ya sani, ran wani ke rataye da kayan da ya kawo.

Bashir: To batun sayar wa ƙasashen waje fa? Jiragen yaƙinmu 12 na Super Tucano ta hannun gwamnatin Amurka aka saye su, ita ta ba kamfani kwangilar a madadinmu. In kaya ya fito da aibi, wa za mu kama?

Hadiza: Yaya Bashir, mai ɗaukar sauti yana ta ɗaga mana hannu.

Malam Sani: Kash, nan ne ma zancen yake. A bar shi sai mako mai zuwa.