Wuta-wuta: Ciyawar da ke Cin Dawa ta Ƙarƙashin Ƙasa

Masu kallo, assalamu alaikum. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina, ko ta Maraɗi zuwa Damagaram, a ƙarshen damina, zai ga wasu gonakin dawa da gero sun cika da ƙananan furanni masu ruwan hoda, gwanin sha'awa ga baƙo, abin takaici ga mai gona. Wannan ita ce wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, masana kuma suka san ta da suna Striga. A gonar da ta kama sosai, dawa takan tsumbure, ganyenta ya yi rawaya ya naɗe ko da ana ruwa, a ƙarshe manomi ya tashi da ɗan abin da bai kai irin da ya shuka daraja ba, wani lokaci ma ya tashi hannu rabbana.

Manoma sun daɗe suna cewa wuta-wuta ciyawar gajiyayyiyar gona ce, kuma binciken da aka yi shekara da shekaru a ƙasashe daban-daban ya tabbatar da maganarsu, har ya bayyana dalilin hakan.

Mu fara da irinta. 'Ya'yan wuta-wuta ƙanana ne ƙwarai, da ƙyar ido ke bambanta su da ƙura, kuma tushe ɗaya yana iya zubar da dubun dubatarsu. Suna iya kwanciya a cikin ƙasa fiye da shekara 10 ba su mutu ba. Saboda ƙanƙantarsu, abincin da ke cikin kowace ƙwaya ba ya wuce na 'yan kwanaki, don haka idan ta tsira babu saiwar da za ta kama a kusa, mutuwa za ta yi. Wannan ne ya sa ruwan sama kaɗai ba ya sa ta tsira. Sai ta jiƙa ta sha ɗumi na mako ɗaya ko biyu, sannan ta jira wani sinadari da saiwar dawa, ko gero, ko masara ke fitarwa. Da zarar ta ji shi sai ta fito da ɗan tsiro, ta huda saiwar, ta haɗa jikinta da hanyoyin da shukar ke jan ruwa da abinci. Takan yi makonni tana tsotsa a ɓoye kafin ta leƙo waje, saboda haka a lokacin da manomi ya gan ta ya ɗauko fartanya, mafi yawan ɓarnar ta riga ta auku.

A shekarar 1966 wasu masana a Amurka suka fara ware wannan sinadari daga saiwar auduga, kuma daga baya aka gano cewa dangi ne babba, wanda yanzu ake kira strigolactone. Amma wata tambaya ta tsaya wa masana kusan shekara 40: me zai sa shuka ta riƙa fitar da abin da ke jawo mata halaka? Amsar ta fito a 2005 daga Japan, inda Kohki Akiyama da abokan aikinsa suka nuna cewa ba wuta-wuta shukar ke kira ba. Akwai wani naman gwari mai amfani da ke zaune a cikin ƙasa, wanda ke shiga saiwar shuka ya miƙa siraran zarurrukansa zuwa inda saiwar ba ta kaiwa, ya kwaso mata sinadarin fosfaras, ita kuma ta biya shi da sukari. Shi ne shukar ke yi wa kira. Lamarin ya yi kama da mutumin da ya ƙwala wa maƙwabci kira ya kawo masa ɗauki, sai ɓarawo ya ji muryar ya riga maƙwabcin isowa.

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa idan ƙasa ta rasa fosfaras, ko naitirojin a wajen hatsi irin su dawa, shukar tana ƙara yawan sinadarin da take fitarwa ninki-ba-ninki. Ke nan gonar da aka yi shekaru ana zuba mata dawa a kan dawa, ba hutu, ba taki, an kwashe kara an kai wa dabbobi ko an yi danga da shi, ita ce ta fi tayar da 'ya'yan wuta-wuta. Kowace damina ƙasar na ƙara talaucewa, irin ciyawar kuma na ƙara taruwa.

Sanin wannan ya buɗe wa masana ƙofofi da dama. Ta farko ita ce samar da irin da kiransa ba ya isa kunnen ciyawar. Gebisa Ejeta, ɗan asalin Habasha wanda ya yi aiki a Sudan kafin ya koma Jami'ar Purdue da ke Amurka, ya shafe shekaru yana tace nau'o'in dawa har ya samar da waɗanda ba sa tayar da wuta-wuta sosai, aikin da ya sa aka ba shi Lambar Yabo ta Abinci ta Duniya a 2009. A 2017 shi da abokan aikinsa suka bayyana ƙwayar gadon da ke da alhakin hakan, wadda ake kira LGS1. Dawar da ke ɗauke da sauyi a wannan ƙwayar gado ba ta daina fitar da sinadarin ba, nau'insa ta canja zuwa wanda ciyawar ba ta amsawa da sauri.

A nan gida ma an yi aiki mai yawa, musamman a kan wake, wanda ke da tasa wuta-wutar daban da ta dawa. Masana na cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, wato IITA, wadda ke da hedikwata a Ibadan da reshe a Kano, sun yi amfani da wani waken gargajiya daga Botswana mai lamba B301 wajen shigar da juriya cikin nau'o'in da manomanmu ke so, kuma tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru aka fitar da irin su SAMPEA 10. Sai dai wuta-wutar wake launi-launi ce a Afirka ta Yamma, har an samu wata a yankin Zakpota na Jamhuriyar Benin da ta karya juriyar B301. Don haka irin da ya yi nasara a Kano ba lallai ne ya yi a wata ƙasa ba, kuma aikin samar da iri ba ya ƙarewa.

Ƙofa ta biyu, wadda a ganina ta fi ban sha'awa, ita ce yaudarar ciyawar ta tsira a inda babu abin da za ta kama. Amurka ta gwada wannan bayan da aka gano wani nau'in wuta-wuta a gonakin masara na jihohin Carolina ta Arewa da ta Kudu a tsakiyar shekarun 1950. Sun killace yankin, suka riƙa cusa iskar ethylene, wato iskar da ke nunar da 'ya'yan itatuwa, a cikin ƙasa da injina, 'ya'yan ciyawar suka yi ta tsira suna mutuwa, har aka tsarkake kusan dukkan filayen. Amma hakan ya ci shekaru da dama da kuɗi masu ɗimbin yawa, abin da ƙaramin manomi a Jigawa ko Tawa ba zai iya ba. Abin da zai iya shi ne shuka amfanin da saiwarsa ke tayar da wuta-wutar dawa alhali ciyawar ba ta iya rayuwa a kansa, kamar auduga, da waken suya, da gyaɗa. Idan aka sa waken suya bana aka sa masara baɗi, an rage irin ciyawar a ƙasa, an kuma ƙara wa ƙasar naitirojin a lokaci guda. Masana a Jami'ar Nagoya ta Japan da Jami'ar KAUST ta Saudiyya suna haɗa sinadarai na kwaikwayo da za a fesa don yin wannan aiki, kuma an gwada wasunsu a gonaki a Burkina Faso.

A yammacin Kenya kuwa, masana na cibiyar binciken ƙwari ta icipe, ƙarƙashin jagorancin Zeyaur Khan, sun ɓullo da shuka wata ciyawa dangin wake mai suna desmodium a tsakanin kunyoyin masara, wadda saiwarta ke hana wuta-wuta kama masarar. Dabara ce da ta yi aiki a can, amma tana buƙatar ciyawar ta rayu daga damina zuwa damina, abin da ke da wuya a wurin da rani ke da tsawo, ake kuma sakin dabbobi cikin gonaki da zarar an gama girbi.

Sai batun ciyar da ƙasar kanta. A cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, an gwada zuba ɗan taki kaɗan, abin da bai wuce cikin murfin kwalbar lemo ba, a ramin shuka maimakon watsa shi a duk gona. Gero ya fi tashi da ƙarfi, kuma shukar da ta samu fosfaras tun tana ƙarama tana rage fitar da sinadarin da ke tayar da ciyawar. Takin dabbobi da na bola suna taimakawa ta wannan fuska, kuma su ne ke riƙe danshi a ƙasa mai yashi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan dabaru da ke kawar da wuta-wuta shi kaɗai, shi ya sa malaman gona ke ba da shawarar a haɗa iri mai juriya, da taki, da sauya amfani daga shekara zuwa shekara, da tuge ciyawar da hannu kafin ta yi 'ya'ya. Wadda aka tuge bayan ta yi fure a fitar da ita daga gona a ƙone, domin ko a tsige take 'ya'yanta na iya nuna su zube. Sannan ya kamata masu gonakin da ke jere su yi aikin tare, saboda ruwa, da iska, da kofaton dabbobi, da garma, har da irin da aka saya a kasuwa, duk suna ɗauke 'ya'yanta daga wannan gona zuwa waccan.