Mishan a Zazzau: Daga Durumin Maigarke Zuwa Wusasa

Iyayena, malamaina, ƙannena ɗalibai, barkanku da yamma. Na ga ɗakin nan ya haɗa Musulmi da Kirista, to kowa ya kwantar da hankalinsa, tarihi za mu yi. Da wa'azi aka kira ni, da na ce a nemo masu shi.

A 1900 wata tawagar Turawan mishan ta CMS, wato ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, a ƙarƙashin Bishop Tugwell, ta taso daga Legas ta nufi Kano. Sarkin Kano Alu ya ce su fice masa daga gari. Suka juyo suka yada zango a Girku, nan ƙasar Zazzau, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. A cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda tun kafin ya taka ƙasar nan ya je Tarabulus ya koyi Hausa a bakin fatake da mahajjata. Shi ne wanda ya nace, har a 1905 ya samu wurin zama a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke.

To, me mutumin nan yake yi daga safe zuwa dare? Mutane na zaton yawo yake kasuwa-kasuwa da littafi a hannu. Bai samu wannan sararin ba. Gwamna Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka su kansu Turawan mulki ba sa maraba da ɗan'uwansu, tsakaninsa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi kuma babu daɗi. Sai ya koma ga magani da allo. Da safe masu gyambo da ciwon ido da kurkunu su taru a ƙofar gida, a wanke, a ɗaure. Hantsi ya yi a shiga karatu da yara, waɗansunsu 'yantattun bayi ne da ba su da kowa. Da dare a kunna fitila a zauna da malamai ana juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aikin da bai fito cikakke ba sai 1932. Ruwan rijiya za a sha, ɗakin ƙasa da azara za a kwana, kwinin kuwa ba fashi saboda zazzaɓin cizon sauro. Jirgin ƙasa bai iso yankin nan ba sai wajen 1911, wasiƙar Ingila kuma sai ta yi makonni a hanya. Waɗansu da suka zo taimako jikinsu bai ɗauka ba. Max Warren ya zo a 1927, bai daɗe ba tarin fuka ya mayar da shi gida, ko da yake daga baya shi ya zama babban sakataren CMS baki ɗaya.

In don samun mabiya ne, sai in ce a cikin birni kasuwar ba ta ci ba. Zage-zagi sun karɓi maganin, sun yi godiya, sun riƙe sallarsu. Jama'ar da ta zo da yawa daga wani wuri daban ta fito, wato Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a karatunsa. Zuriyarsu suka nemo Miller a 1913, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ba a jima ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa wa ƙauyen ya yi musu mummunar ɓarna, sai aka kwaso waɗanda suka tsira. Wannan ciwon ba su kaɗai ya dama ba. Shi ya sa daga baya gwamnati ta tashi mutanen Anchau ta gina musu Takalafiya, amma wannan laccar wata rana ce.

A 1929 mishan ta bar cikin ganuwa ta koma Wusasa, gindin dutse. Miller bai so tashin ba, don a ganinsa an kore shi daga inda aikin yake. Guy Bullen ne ya ja ragamar sabon wurin. Nan aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin magina Hausawa, aka buɗe makaranta, aka kafa asibitin St. Luke da har yau mutanenmu ke cewa asibitin Wusasa. Ƙannena ɗalibai, kafin ku gama karatu ku hau Keke Napep ku je ku ga ginin nan da idonku, ba shi da nisa.

Abin da nake so ku lura da shi, Turawan nan ba su taɓa yin yawa ba. Baturiya ɗaya ko biyu ba za su iya karɓar haihuwa, su yi allura, su dafa abincin majinyata, su koyar da aji, su kuma bi ƙauyuka ba. 'Yan ƙasa ne suka ɗauki kayan: ungozoma, malaman asibiti, malaman makaranta, masu bishara da ke tafiya a ƙasa ko a keke, su dawo su kama fartanya don albashin ba ya kai su ƙarshen wata. Yohanna Gowon, mutumin Ngas daga Filato, irin waɗannan ne. Ɗansa Yakubu a Wusasa ya tashi, ya mulki Najeriya daga 1966 zuwa 1975. Dakta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ɗan gidan ne. Haka Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello.

Wani zai ce, Malam, kana yabon mutanen da suka zo canza wa kakanninmu addini. Niyyarsu ke nan, ba su ɓoye ba, Miller kuma ya yi maganganu masu zafi a kan sarakuna da Musulunci waɗanda ni ban yarda da su ba. Amma matar da naƙuda ta tsananta mata da tsakar dare aka ɗauko ta daga Tudun Wada zuwa Wusasa, ba a tambaye ta alƙiblarta ba kafin a kwantar da ita. Miller da kansa bai zauna a Wusasa ba. Ya koma Kano, daga baya ya hau Filato, ya rasu a can a 1952.