Auna Mai Cafe Ƙwallo a NFL: Faifan Wasa ko Alƙaluma?

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. An ce in yi magana a kan ƙwallon Amurka, wannan da ake sa hular kwano ana ture-ture, ba tamaular da muka saba ba. Babbar gasarta ita ce NFL. A cikinta ma gurbi ɗaya zan ɗauka, na mai cafe ƙwallo, wanda suke kira risiba. In za ka auna shi, faifan wasansa za ka zauna ka kalla, ko alƙalumansa za ka buɗe? Abubuwa huɗu na tanadar muku.

Na farko, ku fara gane aikin. Risiba ba ya taɓa ƙwallo sai an jefa masa. Tana hannun mai jifa, kwatabak, shi ke zaɓar wanda zai jefa wa cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, ga ƙarti sun taso za su danne shi. Risiba na sahun gaba zai fita da gudu ya bi hanyar da koci ya zana masa sau talatin da wani abu a wasa guda. A ciki a jefo masa takwas, ko goma in ranarsa ce. Ya cafe shida. Gobe jarida ta rubuta: ya cafe 6, ya ci yadi 80. To sauran ashirin da ɗoriyar fa? Babu su a takarda. Wataƙila a goma daga ciki ya zille wa mai tsaronsa, ya tsaya shi kaɗai yana ɗaga hannu, mai jifa bai waiwayo ba. Kamar ɗan acaɓa ne a bakin tasha: ya yi sammako, ya tsaya inda ya dace, amma fasinja ne ke zaɓar mashin ɗin da zai hau. In ka ƙirga cinikinsa da yamma, rabi ka auna shi, rabi ka auna fasinja.

Bari in ba ku Randy Moss. Wannan mutumin, ku yi haƙuri, in na fara shi ba na iya tsayawa. A 2006 yana Oakland Raiders. Ya cafe 42, yadi 553, ya shiga gida da ƙwallo, wato tocdawun, sau 3 kacal. Uku! Duk wanda ya buɗe takarda ya ga haka zai ce an gama, ƙafa ta tafi, ga shi shekara 30 ta ƙarato. Raiders ɗin kansu suka sallama shi ga New England Patriots a kan zaɓin zagaye na 4 a diraf, wato ranar da kulob-kulob ke ɗibar sababbin 'yan wasa daga jami'o'i. Zagaye na huɗu fa, jama'a. Ai kyauta ke nan, an dai sakaya ta. Shekara ta zagayo, 2007, mutumin nan dai, ƙafafun nan dai: ya cafe 98, yadi 1,493, tocdawun 23. Daga 3 zuwa 23. Me ya canja? An yi masa dashen ƙafa ne? (dariya) Wanda ke jefo masa ne ya canja. A Oakland wasa 2 suka ci cikin 16, maki 168 suka haɗa a kakar gaba ɗaya, Aaron Brooks da Andrew Walter na karɓa-karɓar jifa, suna shan kayi kafin ma su ɗaga kai. A New England kuwa Tom Brady ne.

Yanzu za ku ce ai shi ke nan, faifai ya yi nasara. A'a, ku dakata. Faifan Moss na 2006 shi ma bai yi kyan gani ba. Za ka gan shi in ya san ba shi za a jefa wa ba, sai ya yi gudun ganin dama, har da sakin ƙwallon da ta shigo hannunsa. Mutane da yawa sun kalla suka ce ya ƙare. Abin da mai ido zai tambaya shi ne, wannan ba ya iyawa ne, ko ba ya so? Waɗannan ciwo biyu ne, maganinsu ba ɗaya ba. Alƙaluma ba za su raba maka su ba ko ka kwana kana lissafi, domin wanda ya gaza da wanda ya ƙi duk sifili ake rubuta musu. A faifai sai ka nemi 'yan lokutan da ya saki jiki, ka duba: har yanzu yana wuce mai tsaro? In yana wucewa sau biyu, to ƙafar tana nan, zuciyar ce ta yi yaji. Bill Belichick, kocin Patriots na lokacin, ya yi cacar cewa zuciya ce, ya kuma ci.

Wannan 23 ɗin ma, tun da mun zo kanta, ita ta karya tarihin Jerry Rice na 22 a 1987. Amma Rice a wasa 12 ya yi nasa, saboda yajin aikin 'yan wasa a shekarar, shi kuwa Moss a 16. To wa ya fi? Kun ga ko lamba da lamba sai an tambayi inda aka samo su. Af, Patriots ɗin nan sun ci duk wasanninsu 16, suka je Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi, New York Giants suka kayar da su, kuma a cikin masu farautar Brady ranar akwai Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. Ina muka tsaya? Na biyu ko na uku? To, mu ce na uku.

In na ce faifai, ba abin da kuke gani a talabijin nake nufi ba. Kyamarar talabijin ƙwallo take bi, da risiba ya yi taku biyar ya fice daga allo. Akwai faifan koci da ake ɗauka daga can sama, yana nuna mutum 22 duka, All-22 suke ce masa, a 2012 NFL ta buɗe shi ga jama'a. Shi ake kallo. Na wuce.

Sai agogo. Kowace shekara a Indianapolis ana tara yaran da ke shirin shiga diraf a sa su tseren yadi 40. A 2017 John Ross ya yi shi a daƙiƙa 4.22, ya kafa tarihi a lokacin, Cincinnati suka ɗauke shi na 9 a diraf. Shekararsa ta farko ko ƙwallo ɗaya bai cafe ba, rauni ya yi ta damun sa. A wannan diraf ɗin dai, Cooper Kupp ya yi 4.62, sai zagaye na 3 Rams suka ɗauke shi. A 2021 ya cafe 145, yadi 1,947, tocdawun 16, ya fi kowa a ukun, ya kuma zama gwarzon Super Bowl. Tseren nan miƙe ake yin sa, ba mai tare ka. Shi kuwa risiba aikinsa birki ne da kwana. Na'am, ga hannu can. Ɗaga murya, ƙanena.

Mai tambaya: Malam, ai shi Kupp ɗin an ce a jami'a alƙalumansa sun fi na kowa. Ashe ba alƙaluman ne suka faɗi gaskiya ba, masu kallon suka raina shi?

Kai, wannan yaron ya zo da shirinsa. (dariya) Gaskiyarka. A Eastern Washington ya cafe 428, yadi sama da 6,000. Aka ce ai ƙaramin rukuni ne, da yara yake wasa. Har zan ƙara maka wani makamin. Justin Jefferson a jami'ar LSU, 2019, ya cafe 111, amma kusan duk daga ciki yake tasowa, ba daga gefen layi ba. Masu kallo da dama suka ce iyakarsa ke nan. A diraf Philadelphia suka tsallake shi suka ɗauki Jalen Reagor na 21, Minnesota suka ɗauke shi na 22, shekarar farko ya yi yadi 1,400. Muna cewa gani ya kori ji, to amma faifai abin da koci ya sa yaro ya yi kawai yake nuna maka, abin da ba a sa shi ba babu shi a ciki. Kuma ido yana da son kai: cafiya ɗaya ta hannu guda sai ta mantar da kai saki biyar.

Don haka ni ga yadda nake yi. Lambar da na fi yarda da ita ita ce yadin da yake samu a kan kowace hanya da ya gudu, ba kowace ƙwallo da ya cafe ba, domin ita ta ƙirga har fitar da ba a jefa masa ba. Da ita nake tace sunaye. Sannan in ɗauki wasa ukun da ya gamu da masu tsaro mafi ƙarfi, in riƙe biro, kowace fita in sa alama: ya kuɓuce ko bai kuɓuce ba, an jefa masa ko ba a jefa ba. Kada ka bi ƙwallo da ido, ƙanena, ka bi ƙafarsa a taku ukun farko, lokacin da mai tsaro ya manne masa a kan layi, da kuma ƙugunsa in zai yi kwana. Wa ke da wata tambayar? Hajiya, bismillah, a miƙa mata makirfo.