Wa Zai Riƙe Yaranka a Amurka In Larura Ta Raba Ku?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan bayani na iyaye ne mazauna Amurka, musamman 'yan uwanmu da ke Bronx da sauran sassan jihar New York, waɗanda suka taso daga Kano ko Damagaram ko zangon Kumasi suke renon 'ya'ya a can.

A gida, in uwa ta kwanta asibiti ko tafiya ta kama uba ba shiri, ba a ma tambayar wa zai riƙe yara. Kaka na nan, goggo na nan, maƙwabciya ma ta isa. A Amurka kuwa, makaranta ba za ta damƙa yaro ga wanda sunansa ba ya cikin katin gaggawa ba, wato katin da iyaye ke rubuta sunayen waɗanda za a kira ko a ba su yaro, ko da ƙanin mahaifinsa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Likita ma, in ba batun ceton rai ba ne, sai ya nemi sa hannun mai iko a kan yaron. In aka rasa mai karɓarsa, hukumar kula da yara ta birnin New York, wato ACS, ita za ta ɗauke shi ta kai shi gidan riƙo, wataƙila wurin mutanen da ba su san harshensa ko cimarsa ko sallarsa ba. Kuma akwai dokar tarayya ta 1997 da ta ce in yaro ya yi wata 15 cikin wata 22 a hannun hukuma, a nemi kotu ta raba iyaye da haƙƙinsu a kansa, sai in da uzuri, kamar a ce yana wurin dangi. Wanda jami'an shige da fice suka tsare, ko aka mayar da shi gida, wata 15 ba wuya ya cika.

To, mene ne abin yi? Akwai takarda mai sauƙi da ba ta buƙatar zuwa kotu, sunanta Designation of Person in Parental Relationship. A cikinta kake rubuta sunan babban mutum, mai shekara 18 ko fiye, ka ba shi izinin tsaya wa yaronka a makaranta da asibiti. In ba za ta wuce kwana 30 ba, sa hannunka ya wadatar. In za ta wuce haka, sai kun je gaban notari, wato jami'in da ke tabbatar da sa hannu a takarda, shi ma wanda aka ba amanar ya sa hannu cewa ya yarda. Iyakarta wata 12. Kana iya rubuta cewa ba za ta fara aiki ba sai ranar da aka tsare ka ko aka kwantar da kai. Ga abin da ke hana iyaye da yawa sa hannu: tsoron kada a ƙwace musu ɗa. Wannan takarda ba ta taɓa matsayinka na uba ko uwa, kuma duk ranar da ka ga dama kana iya soke ta.

In rabuwar za ta yi tsawo, akwai naɗa mai riƙo na jiran ko-ta-kwana. Da can sai don mutuwa ko ciwo mai tsanani ake yin sa, amma tun 2018 jihar New York ta ƙara da tsarewa da kora daga ƙasa. Ana rubuta shi a gaban shaidu biyu. Da abin ya faru, wanda aka naɗa yana da kwana 60 ya kai maganar gaban kotu ta tabbatar masa.

Zaɓen mutumin shi ya fi cike takarda wuya. Kada kara ta sa ka zaɓi wanda ba zai iya ba. Ka dubi mai zama kusa, mai wurin kwanan yara, wanda yaran suka saba da shi, kuma wanda shi kansa takardunsa ba sa cikin haɗari irin naka. Ka zaunar da shi ku yi magana baki da baki, har batun kuɗin abinci da haya. Ka tanadi mutum na biyu ko da na farkon ya gaza.

Daga nan ka haɗa ambulan guda: takardar haihuwa, fasfo, katin inshorar lafiya, katin rigakafi, sunayen magungunan da yaro ke sha da abin da jikinsa ba ya so, lambar malaminsa da ta likitansa. In kana da lambar shige da fice mai farawa da harafin A, ka rubuta masa ita, da ita ake neman inda aka tsare mutum. Fasfon Amurka na yaron da bai kai shekara 16 ba yana buƙatar yardar iyaye biyu, don haka a yi shi tun kuna tare. Gobe ka je makaranta ka ƙara sunan mutumin a katin gaggawa. Yaran kuma a gaya musu a hankali: in Baba ko Mama ba su zo ba, ga wanda zai zo, ga lambarsa, ku haddace.

Kowace jiha da tata dokar. A Kalifoniya, misali, mai riƙon ne da kansa yake cike takardar rantsuwa ya kai makaranta. In ba a New York kake ba, ka nemi ofishin lauyoyi masu taimako kyauta a garinku, ka ce a haɗa ka da tafinta, su nuna maka takardar da jiharku ta yarda da ita.